Abin da Kwamfuta Ba Ta Gani: Jagorar Gyara Samfuran Kayan Lantarki a Manhajar SPICE

Duk wanda ya taɓa zana da'irar lantarki a LTspice ko Proteus ko Multisim, ya danna maɓallin gwaji, layuka suka fito sumul a allo, ya san daɗin da ke ratsa mutum a wannan lokaci. Ɗaliban injiniya da masu haɗa inbata da yawa sun san abin da kan biyo baya: an sayo kaya, an liƙa da dalma, an ba da wuta, sai tiransista ta yi hayaƙi. Wani lokaci kuma abin yakan juye. Da'ira tana aiki lafiya lau a kan tebur, amma manhaja ta ƙi lissafa ta, sai saƙon kuskure take ta jefowa. Waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya. Manhajar ba ta san tiransistar da ke hannunka ba. Abin da ta sani shi ne samfuri, wato 'yan layukan lissafi da wani ya rubuta don su kwaikwayi wasu halayen tiransistar, ya bar wasu.

Kusan duk manhajojin nan jininsu ɗaya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka aka samar da SPICE. Laurence Nagel ne ya rubuta ta a ƙarƙashin Farfesa Donald Pederson, aka gabatar da ita a 1973, SPICE2 ta biyo baya a 1975. PSpice ta kawo ta kan kwamfutar tebur a 1984. Daga baya Mike Engelhardt ya rubuta LTspice a kamfanin Linear Technology, ga kuma ngspice ta kyauta da ke cikin KiCad. Proteus da Multisim, waɗanda ɗalibanmu a jami'o'i da kwalejojin fasaha suka fi sabawa da su, su ma injin SPICE ne a cikinsu. Dalilin kawo wannan tarihi guda ne: an ƙera SPICE ne saboda da'irorin cikin ayisi, inda wuta 'yar mitsitsiya ce, waya gajeriya ce ƙwarai, kuma babu taransifoma. Mai lissafin inbata da ke jan amfiya 50 daga batir yana aiki ne da kayan da aka yi wa wani aiki daban, don haka dole ya gyara wasu abubuwa da hannunsa.

Kafin ka zargi samfuri

Akwai kurakuran rubutu da ke cin lokacin mutane a banza. SPICE ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami. Idan ka rubuta 1M a kan resista kana nufin om miliyan ɗaya, LTspice da ngspice za su karanta shi a matsayin miliom ɗaya, wato kusan waya zalla. 1Meg ake rubutawa. Haka 1F ba farad ɗaya ba ne, femtofarad ne, wanda kusan babu shi. Dole kuma a sami mahaɗa mai lamba 0, wato ƙasa, kuma kowace mahaɗa ta sami hanyar da wutar DC za ta bi zuwa can.

Sai jerin ƙafafu. A layin SPICE, tiransista kullum kolekta ce farko, sai bes, sai emita, ba ruwanta da yadda ƙafafun suke a jikin abin. BC547 da 2N3904 kamanninsu ɗaya a ido amma jerin ƙafafunsu a juye yake. Idan ka sauke samfurin .subckt daga shafin kamfani, buɗe shi ka karanta jerin da ke layin farko, ka gwada da jerin alamar da ka ɗora a zane. Yawancin samfuran of-am suna bin wannan tsari: shiga mai ƙari, shiga mai ragi, wuta ta sama, wuta ta ƙasa, fita. Amma ba duka ba. Idan jeri ya saɓa, manhaja ba za ta ce uffan ba, za ta ba ka amsa ce kawai wadda ba ta da ma'ana.

Harshen manhajojin ma ya ɗan bambanta. Alamar ^ a cikin lissafin B (tushen wuta da ake bayyanawa da lissafi) na LTspice tana nufin XOR, alhali a ngspice tana nufin ɗaga lamba zuwa wani mataki. LTspice  alamar ** take amfani da ita don wannan. Mai amfani da ngspice zai rage wa kansa wahala idan ya sa set ngbehavior=ltpsa a fayil ɗin .spiceinit, domin ta fahimci samfuran da aka rubuta wa PSpice da LTspice. Samfurin da kamfani ya kulle da lambar sirri kuwa, sai a manhajar da aka kulle shi dominta. Kada ka ɓata rana a kansa, nemi na wani abu mai kama da shi ka daidaita.

Gwada samfurin shi kaɗai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. Samfuri kamar awon da tela ya rubuta a littafinsa ne. Ya ɗauki tsawo da faɗin kafaɗa saboda riga zai ɗinka. Ranar da ka zo neman hula, awon kai ba ya ciki. Wanda ya rubuta samfurin dayod don gyara wutar 50 Hz bai damu da abin da za ta yi a 100 kHz ba.

Buɗe fayil ɗin da kowace manhajar rubutu. Kamfanoni masu gaskiya sukan rubuta a saman fayil abin da samfurin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Sannan dubi lambobin da ke ciki, ka tuna cewa duk wadda ba a rubuta ba, SPICE za ta cike gurbinta da tata ta gado. A dayod, CJO da TT da RS duk sifili ne idan ba a faɗa ba, BV kuma ba shi da iyaka. Ma'ana, dayod ɗin ba ta da kafasitans, tana rufewa nan take, kuma ko ka ɗora mata bolt dubu goma a baya ba za ta ɓalle ba. A tiransista, BF ɗari ne idan an yi shiru.

Daga nan sai ka haɗa ƙaramar da'irar gwaji, abin kaɗai da tushen wuta. Ga dayod, yi .dc ka zana kwararar wuta a kan boltej. Ga tiransista, zana hFE a kan kwararar kolekta. Ga MOSFET, tura wa get ƙayyadaddiyar kwarara, ka ga ko boltej ɗin get zai hau, ya tsaya a wani dandamali, sannan ya ci gaba da hawa. Idan babu wannan dandamali, samfurin ba zai gaya maka gaskiya kan asarar kunnawa da kashewa ba. Ajiye hoton kusa da jadawalin da ke takardar bayanan kamfani. Idan sun yi kusa a yankin da za ka yi aiki, madalla. Idan sun rabu, ka san inda ba za ka yarda da shi ba. Rabin sa'a a nan ya fi kwana biyu na neman dalilin ƙonewar allo.

Ka kuma riƙe cewa samfuri matsakaicin abu yake wakilta. BC547B tana iya zuwa da hFE daga 200 har 450, kuma dukansu halal ne a wurin kamfani. Da'irar da sai da hFE 300 take aiki ba da'ira ba ce tukuna.

Kafasita, kwayil da waya

Mutane sukan sa ido kan tiransista su manta da ƙananan kaya, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Kafasitar SPICE tsarkakakkiya ce, ta gaske kuwa tana da turjiya a jere, wadda ake kira ESR, da ɗan indoktans, ESL. Kafasita mai 100 nF da ESL na 1 nH takan daina zama kafasita a wajajen 16 MHz, daga nan sama halin kwayil take nunawa. A LTspice danna dama a kan alamar ka cike Rser da Lser. A sauran manhajoji, jera resista da indokta da hannu. A na'urar rage boltej mai kunna-kashe, yawancin rawar da ake gani a fita daga ESR take zuwa, ba daga girman kafasita ba, don haka gwajin da babu ESR zai nuna maka fita mai santsi wadda ba za ka taɓa gani a osiloskof ba. Wasu tsofaffin regileta masu ƙarancin faɗuwar boltej ma sai da ɗan ESR suke natsuwa. Ka sa musu kafasitar yumɓu mai ESR kusan sifili su kama rawa.

Ƙananan kafasitocin yumɓu na X5R da X7R suna da wani hali da samfurin gado bai sani ba: ƙarfinsu na raguwa idan aka ɗora musu boltej na DC. Ƙarama mai 10 µF tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta kusa da iyakar boltej ɗinta. Nau'in C0G ba ya haka. Kamfanoni irin su Murata da Kemet suna wallafa jadawalin wannan raguwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba jadawalin a boltej ɗin aikinka, ka rubuta wannan lamba maimakon wadda ke jikin leda. Idan boltej ɗin na hawa da sauka sosai, LTspice ta yarda ka bayyana kafasita da lissafin caji, Q=, wanda zai bi raguwar.

Waya kuwa, a zane babu ita. A kan allo, kowace milimita tana ɗauke da kimanin 1 nH. Bari mu ga abin da wannan ke jawowa a da'irar da masu haɗa inbata suka fi sani.

Ɗauki inbata mai batir 12 V, MOSFET biyu suna jan gefe biyu na taransifoma mai ƙafar tsakiya. Batir na kan caji, yana 14.4 V. Duk lokacin da gefe ɗaya ya kunna, diren na ɗaya gefen yana ganin ninki biyu, 28.8 V. IRF3205 tana jure 55 V, sai mutum ya ce akwai rata. Idan ka haɗa kwayil ɗin da K=1, wato haɗin maganaɗisu marar yoyo, kuma wayoyi tsarkaka, abin da allo zai nuna ke nan. Yanzu ƙara 100 nH kacal a jere da diren, na waya da yoyon taransifoma. MOSFET ta yanke amfiya 20 cikin 50 ns. Boltej ɗin da kwayil ke haifarwa shi ne indoktans sau saurin canjin kwarara: 100 nH sau 20 A a raba da 50 ns, ya ba da 40 V. Haɗa da 28.8, an kusa 69 V. An wuce iyaka. Kuma taransifoman ƙarfe na gaske yoyonsa ya fi 100 nH nesa ba kusa ba. Wannan tsinin boltej shi ke cin MOSFET da yawa, kuma kwamfuta ba za ta nuna shi ba sai ka gaya mata yana nan.

Kada ka ƙiyasta yoyon, auna shi. Da mitar LCR, auna kwayil na farko yayin da na biyu ke buɗe, sannan ka haɗe ƙafafun na biyu ka sake aunawa. Awo na biyu shi ne yoyo. K shi ne tushen murabba'in abin da ya rage idan ka raba awo na biyu da na farko ka cire daga ɗaya. Idan ka sami 100 µH da 1 µH, K ya zama 0.995. Ka kuma tuna cewa a SPICE ba a rubuta yawan naɗi. Indoktans ake rubutawa, kuma yana bin murabba'in naɗi. Taransifoma mai naɗi 1 zuwa 20 yana buƙatar indoktans 1 zuwa 400. Sa turjiyar wayar kowane kwayil kamar yadda mita ta nuna. Sai a lokacin za ka iya zaɓen resista da kafasitar da za su shanye tsinin da hujja.

Abu na biyu da kwayil ɗin SPICE bai sani ba shi ne ƙoshi. Ƙarfen taransifoma yakan ƙoshi da maganaɗisu a wajajen tesla 1.5 zuwa 1.8, ferayit kuwa tun 0.3 zuwa 0.5. Da zarar ya ƙoshi, indoktans ya faɗi, kwarara ta yi tashin gwauron zabo. Taransifoman da aka naɗa don 60 Hz na Amurka, idan aka ba shi boltej iri ɗaya a 50 Hz namu, maganaɗisun cikinsa yakan ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa yake zafi ko babu kaya a kansa. A LTspice ana iya rubuta Flux= da lissafin tanh don kwaikwayon ƙoshi, ko a yi amfani da samfurin Chan idan an san halayen ƙarfen. Idan wannan ya yi maka nisa, aƙalla ka dubi ƙololuwar kwarara a gwaji ka gwada ta da iyakar ƙoshi da ke takardar kwayil ɗin.

Dayod da tiransista

1N4007 da UF4007 duk amfiya ɗaya ne da bolt dubu, amma ta farko tana ɗaukar maikirosakan kafin ta rufe, ta biyu 75 ns. 1N4148 kuwa 4 ns. Lambar TT ce ke riƙe da wannan hali, kuma ko da tana nan, dayod ɗin SPICE takan rufe ne kwatsam, ba a hankali kamar yawancin na gaske ba. Saboda haka rawar da ke biyo bayan rufewa tana iya fita fiye da kima a gwaji. Ɗauke ta a matsayin gargaɗi, kada ka ɗauke ta a matsayin awo.

Samfurin tiransista da SPICE ke amfani da shi na Gummel da Poon ne, na 1970, kuma a asalinsa bai san ɓallewa ba. Misali mai kyau shi ne da'irar fitilu biyu masu ƙyaftawa bi da bi, wadda kusan kowane ɗalibi ya taɓa haɗawa. A kan 12 V, duk lokacin da gefe ɗaya ya kunna, kafasita takan tura bes na ɗaya gefen zuwa wajajen 11 V ƙasa da sifili. Takardun ƙananan tiransistoci irin BC547 da 2N2222 sun iyakance wannan boltej na baya a 5 ko 6 V. A kan tebur mahaɗar bes da emita takan ɓalle, ƙyaftawa ta fi lissafi sauri, hFE kuma ta riƙa lalacewa sannu a hankali. A allo kuwa komai lafiya. Don ka ga gaskiya, ɗora dayod tsakanin bes da emita, fuskarta ɗaya da ta mahaɗar, da samfuri kamar haka:

.model DBE D(Is=1e-30 BV=7)

Ƙanƙantar Is ta hana ta satar wutar bes ta gaba, BV kuma ya ba ta damar ɓallewa ta baya. Wannan dabara ta nannaɗe samfuri da ƙarin kaya tana aiki a wurare da yawa: duk halin da ya ɓace, nemi ƙaramin abu da zai kwaikwaye shi, ka haɗa su cikin .subckt guda.

Zafi shi ne babban giɓi. SPICE tana ɗauka kowane abu yana kan digiri 27, kuma yawancin samfura ba sa ɗumama kansu komai wutar da suka sha. Regileta 7805 da ke karɓar 12 V tana ba da 5 V a rabin amfiya tana ƙona wat 3.5. Jikin TO-220 ba tare da ƙarfen sanyaya ba yakan hau wajajen digiri 60 kan kowane wat. Allo zai nuna 5 V cif. A zahiri za ta kashe kanta don zafi. Turjiyar MOSFET a kunne takan kusan ninka idan cikinta ya kai digiri 150, boltej ɗin bes na tiransista kuma yana sauka kimanin 2 mV kan kowane digiri. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe. Sa .temp 27 60 85 ka ga yadda da'irar za ta kasance. Kana kuma iya zana hanyar zafi kamar da'ira: tushen kwarara ya tsaya wa wat, resista ta tsaya wa digiri kan kowane wat, boltej ya zama zafi, tushen boltej guda kuma ya riƙe zafin ɗaki.

Of-am

Yawancin tsofaffin samfuran of-am sun samo asali daga tsarin da Boyle da abokan aikinsa suka wallafa a 1974. Yana da sauri, amma cikinsa a jingine yake da mahaɗa ta 0, kuma wutar da yake bai wa kaya ba ta bayyana daidai a ƙafafun wutarsa. Wanda ke lissafin kwanakin batir da irin wannan samfuri zai yi kuskure. Gwada abubuwa huɗu: iyakar hawa da saukar fita, saurin hawa, iyakar boltej ɗin shiga, da wutar da yake ja. LM358 takan tsaya kimanin 1.5 V ƙasa da wutar sama, kuma tana da ɗan tsalle idan fita na ratsa tsakiya, abin da samfura da yawa ba sa nunawa. 741 ba ta wuce rabin bolt a maikirosakan. Tsohuwar TL072 takan juya fitarta gaba ɗaya idan shiga ta matso kusa da wutar ƙasa.

Ka yi hattara da gwajin .ac. Yana miƙar da komai ne a kusa da wurin zaman da'ira, bai san iyaka ba. Ba shi 1 V a amfilifaya mai ninki dubu, zai nuna maka 1000 V daga batir 9 V ba tare da ko gezau ba. Duk abin da ya shafi yankewa ko karkacewar sigina, .tran ne ke nuna shi.

Idan lissafi ya ƙi zama

SPICE tana warware da'ira ne da hanyar Newton da Raphson: ta yi hasashe, ta gyara, ta sake gyarawa, har amsoshi biyu a jere su yi kusa. Idan sun ƙi, ta rage takun lokaci ta sake. Idan takun ya ƙanƙance har ya wuce misali, sai ta rubuta "timestep too small" ta tsaya. Abin da mutane suka saba yi shi ne su ruga su sassauta ma'aunin kuskure. Ina ganin wannan ya kamata ya zo a ƙarshe, domin sau da yawa saƙon yana nuna cewa ka zana abin da ba zai yiwu a duniya ba.

Fara da da'irar. Saƙon "singular matrix" yawanci mahaɗa ce ke lilo tsakanin kafasitoci biyu, ko gefen taransifoma na biyu da ba a haɗa da ƙasa ba. Resista mai 100Meg ko 1G zuwa ƙasa ta wadatar. Tushen boltej a haɗe kai tsaye da kwayil ko da wani tushen boltej yana buƙatar 'yar turjiya a jere. Shi ya sa LTspice ke saka wa indokta miliom ɗaya da kanta. Sa wa kowane batir turjiyar cikinsa. Sa wa kowane bugun sigina lokacin hawa da sauka irin na gaske. Makunni mai sarrafuwa da boltej kada tazarar turjiyarsa a kunne da a kashe ta yi faɗi fiye da buƙata: 10 miliom da 1Meg sun isa yawancin aiki. Dayod da ba ta da CJO, sa mata ko da 10 pF. Idan ka rubuta lissafin B mai tsalle kwatsam, sassauta shi da tanh. Saƙon kuskuren yakan ambaci sunan abin da ya maƙale. Fara daga nan. Idan da'irar babba ce, raba ta gida-gida har ka gano ɓangaren da ke da laifi.

Sai bayan haka ka taɓa .options. Na gado su ne ABSTOL 1 pA, VNTOL 1 µV, RELTOL 0.001, GMIN 1e-12. Neman daidaiton pikoamfiya ɗaya a da'irar da ke ɗauke da amfiya 50 ya kusa ƙure lambobi 15 zuwa 16 da kwamfuta ke iya riƙewa, don haka ɗaga ABSTOL zuwa 1n ko 1u a aikin wuta mai ƙarfi ba ha'inci ba ne. Ƙara ITL4 daga 10 zuwa 100 ba ya ɓata amsa, lokaci kawai yake ci. RELTOL kuwa ka yi masa a hankali, domin sassauta shi yana iya ba ka layi mai kyau wanda ba gaskiya ba. Idan wurin zaman DC ne ya ƙi samuwa, .nodeset zai ba manhaja hasashen farko, ko ka bar wuta ta hau daga sifili cikin 'yan maikirosakan kamar yadda take yi a zahiri.

Akwai rawar ƙarya da hanyar lissafi ta trap ke haifarwa. Alamarta ita ce ɗigo ɗaya sama, na gaba ƙasa, a kowane taku. Nuna ɗigon lissafi a allo, ka rage iyakar taku. Idan saurin rawar ya bi takun, ta ƙarya ce. method=gear yana kashe ta, amma yana danne rawar gaske ma, har ya sa da'ira marar natsuwa ta yi kama da natsattsiya. Ƙa'idar da nake bi ita ce: duk amsar da za a dogara da ita, a raba iyakar taku biyu a sake gudanarwa. Idan ta canja, ba a kai ga amsa ba. Mai yin FFT a LTspice kuma ya sa .options plotwinsize=0, domin matse bayanan da take yi yana ƙara datti a sakamako.

Osileta na da tata matsala. A zahiri ɗan hayaniyar lantarki ke tayar da ita, a kwamfuta kuwa babu hayaniya, sai ta zauna daram a tsakiya. Ba ta ɗan turi da .ic a kan kafasita ɗaya, ko gajeren bugun kwarara, ko ka bambanta resistoci biyu da kashi ɗaya cikin ɗari. Mai kiristal takan buƙaci dubban zagaye kafin ta cika, kuma sai an ƙayyade taku ƙarami, misali ɗaya cikin ɗari na zagaye guda.

Idan babu samfurin kwata-kwata

Gina naka, daidai da tambayar da kake yi. Batir a yawancin aiki tushen boltej ne da resista. Faifan sola tushen kwarara ne, da dayod a gefensa, da ƙaramar resista a jere, da babba a gefe. Faifan da ake kira na 12 V yawanci ƙwayoyi 36 ne a jere. Maimakon zana dayod 36, ninka lambar N ta dayod guda: 36 sau 1.3 ya kusa 47. Da kwarara 5.5 A da Is na 1e-7, boltej ɗin buɗe zai faɗo kusa da 21.6 V. Daidaita Is har ya dace da lambar da ke bayan faifanka, sannan ka daidaita resistar jere har ƙololuwar ƙarfi ta zo wajajen 17 zuwa 18 V. Idan za ka canja zafi, ninka EG da XTI su ma da 36, in ba haka ba faɗuwar boltej da zafi ba za ta fito daidai ba. Samfuri mai layi biyar da ka san cikinsa ya fi mai layi ɗari uku da ba ka san abin da ya bari ba.

Da .step ka zagaya da lambobin da ba ka da iko a kansu: hFE daga ƙasa zuwa sama, kafasita da ragin kashi 20, batir daga 10.5 zuwa 14.4 V. Sannan ka je tebur, domin gani ya kori ji. Kayan da ke kasuwa ba kullum suke daidai da sunan da ke jikinsu ba. Akwai MOSFET na jabu masu turjiya fiye da ta takarda, kuma babu samfurin da ya san da su. Ba da wutar farko ta tushe mai iyakance kwarara, ko ta fis, ko ta ƙwan fitila a jere. Ɗora osiloskof a kan diren da gajeriyar wayar ƙasa. Duk inda awo ya saɓa da allo, koma zane ka nemi abin da ya ɓace, ka saka shi, ka rubuta a saman fayil ɗin samfurin ranar da ka auna, da zafin ɗaki, da iyakar yankin da ka tabbatar. Wanda zai buɗe fayil ɗin bayanka, ko kai da kanka bayan shekara guda, zai san daga ina zai fara.